Mai hawan gado: yadda Ingilishi yake kiran wanda ciwo ya kwantar

A ƙauyukan Maraɗi da Damagaram da Tawa, da wuya a sami gidan da ba shi da wani a ƙetare. In an gama girbi, an cika rumbu, samari suna tafiya biɗa. Wasu su nufi Kano ko Ikko, wasu su wuce har Kumasi. Najeriya da Gana kuwa ƙasashe ne masu aiki da Ingilishi. Da Ingilishi ake rubuta takardar likita a can, da shi kuma mutane da yawa suke aika saƙo.

A ce wani saurayi yana aiki a Kumasi wajen wani mai shago da ba ya jin Hausa, ba ya jin Faransanci. Wata rana saƙo ya shigo salular uban saurayin. Ga abin da aka rubuta: «Your son is laid up with malaria.» Uban bai iya karantawa ba. Sai a kira ɗan makarantar gidan, a miƙa masa salula, kowa ya zuba masa ido.

Yaron ya gane «son», wato ɗa. Ya gane «malaria», wato zazzaɓin cizon sauro. Sai ya ce: «Baba, an ce yaya yana kwance.» Uban ya ce: «Wace irin kwanciya? Ta kwana uku, ko wadda ba a tashi?» Tambayar tana da nauyi. Amsarta ce za ta nuna ko a aika kuɗin magani kawai, ko a kai rago kasuwa a sayar, a yi kuɗin mota, wani ya bi sawu. Amsar kuwa tana cikin ƙananan kalmomin nan biyu da yaron ya tsallake.

Kwanta da kwantar

Bahaushe yana bambanta «kwanta» da «kwantar». Mutum shi yake kwantawa da kansa. Amma uwa tana kwantar da jariri, ciwo kuma yana kwantar da ƙato. Ingilishi ma yana da wannan bambanci. «Lie» shi ne kwanta. «Lay» shi ne kwantar, ko ajiye. In aikin ya wuce, «lay» yana komawa «laid». Masu harshen kansu suna yawan rikita biyun nan, saboda haka ɗan makarantar da ya san kwanta da kwantar ya riga ya yi rabin tafiya.

«Laid up», ana faɗinsa kamar «led ap», yana nufin an kwantar da mutum, an ajiye shi gefe. Ba mutum kaɗai ake faɗa wa haka ba. Jirgin ruwan da aka ɗaure a tasha ba ya aiki, ko motar da aka ɗora bisa duwatsu a gareji ana jiran kayan gyara, su ma «laid up» ne. Wanda ya ɗora mota bisa duwatsu yana sa ran wata rana za ta koma hanya. Haka kalmar take ga mutum. Kwanciya ce ta ɗan lokaci: kwana uku, mako biyu, wata guda. Bayanta ana sa «with», sannan sunan ciwon: zazzaɓi, ko mura, ko karayar ƙafa. Magana ce ta hira, irin wadda aboki yake rubuta wa aboki.

Kakanni sun san irin wannan kwanciya sarai, domin sun san kurkunu. Mutum ya sha ruwan tabki mai ƙananan ƙwari. Bayan kamar shekara guda, sai tsutsa ta fasa fata, yawanci a ƙafa. Tsawonta yana iya kai mita guda. Ana naɗe ta a tsinke kaɗan-kaɗan, kowace rana, har makonni. Abin takaicin shi ne tana yawan fitowa da damina, lokacin da gona take bukatar mai ita. Manomi yana kwance bisa tabarma, ciyawa tana cinye hatsinsa. A shekara ta 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi suna fama da kurkunu a duniya. Da tace ruwa da ƙyalle, da haƙa rijiyoyi, da hana mai ciwon shiga tabki aka ci ƙarfinsa. A shekara ta 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. Mai kurkunu yana shan wuya, amma yawanci yana tashi ya koma gona. Shi ne ainihin wanda ake ce wa «laid up».

Wanda ya hau gado

Da saƙon ya ce «bedridden», da magana ta sake. Ana faɗin kalmar kamar «bedridin». Ita ce babbar kalmar Ingilishi ta mutumin da ciwo ko tsufa ya hana shi barin shimfiɗa. Ba ya iya tashi sai an tashe shi. A nan yake ci, a nan ake yi masa wanka. Sau da yawa kwanciyar ta watanni ce ko ta shekaru. Shanyewar ɓarin jiki tana kawo haka, da karayar ƙugu ga tsoho, da ciwon da ya taɓa lakar baya.

Kalmar tana da gaɓa biyu. «Bed» gado ne. «Ridden» kuwa daga «ride» ta fito, wato hawan doki ko jaki ko keke. Me ya haɗa gado da hawa?

Tun wajen shekara ta 1000, mutanen Ingila suna da kalma «bedreda». Ma'anarta mai hawan gado. Sauran maza sun hau dawaki sun tafi, shi kuwa abin hawansa gado ne, dokin da ba ya zuwa ko'ina. Maganar tana da ban dariya, tana da ban tausayi kuma. Wajen ƙarni na 14 sai ƙarshen kalmar ya sauya, ta koma «bedridden». Sauyin ƙarami ne a baki, amma ya juya hoton. «Rider» shi ne mahayi. «Ridden» shi ne wanda aka hau. Yau in aka ji kalmar, sai a ga kamar gadon ne ya hau mutumin ya danne shi. Wanda ya taɓa daɗewa a kwance zai ce hoto na biyu ya fi kusa da gaskiya.

Wannan «ridden» tana maƙale a bayan wasu kalmomi. «Debt-ridden» shi ne wanda bashi ya yi wa katutu. «Disease-ridden» wuri ne da cuta ta cika. Akwai wata tsohuwa, «hag-ridden», wadda kowane Bahaushe zai gane. Mutanen Ingila na da suna cewa wata mayya tana zuwa da dare ta hau ƙirjin mai barci. Yana farke, yana jin nauyi, amma ba ya iya motsi, ba ya iya ihu. Wannan shi ne dannau. Likitoci sun bayyana shi: a lokacin mafarki jiki yana sakin tsokoki don kada mutum ya yi ta motsi. Wani lokaci hankali yana riga jiki farkawa. Bayan ɗan lokaci kaɗan abin yana wucewa, ba ya cutarwa.

Wajen amfani, «bedridden» ba ta da wuya. Ba ta sauyawa ga mace ko namiji ko jam'i. «He is bedridden», «she is bedridden», «they are bedridden», duk ɗaya ne. Faransanci ba haka yake ba: namiji «alité», mace «alitée», jam'i kuma a ƙara s. In ana son a faɗi tsawon lokaci sai a ce: «She has been bedridden for two years», wato shekararta biyu tana kwance.

Sauran ƴan uwanta

«Bedbound» ma'anarta ɗaya da «bedridden». Ana faɗinta «bedbaund». «Bound» yana nufin ɗaurarre, ke nan wanda aka ɗaure a gado. Malaman jinya suna yawan rubuta ta a takardunsu. Tana da ƙanwa, «housebound». Wannan mutum yana tashi, yana zagaya tsakar gida, amma ba ya iya fita kasuwa ko gona. Tsohuwar da ƙafa ta hana ta wuce zaure «housebound» ce, ba «bedbound» ba. Ɗan makarantar da ya haɗa biyun zai tayar wa mutane hankali a banza.

«Bedfast» ba ta da yawa. An fi jin ta a arewacin Ingila da Sukotlan da wasu sassan Amurka. Tarko ce ga mai koyo, domin «fast» tana da ma'ana uku: sauri, da azumi, da kafewa wuri ɗaya. A nan ta uku ake nufi, wato wanda ya kafe a gado. Kada a rikita ta da «breakfast», abincin safe. A cikin wannan, «break» karyawa ne, «fast» kuwa rashin ci na dare. Daidai take da karin kumallo na Hausa.

«Confined to bed» maganar takarda ce, ta likita da jarida. «Confine» shi ne tsarewa, kamar yadda ake tsare tumaki a garke da damina. Ita ba ta faɗin tsawon lokaci. Tana iya zama mako guda, tana iya zama shekara. Mai fassara sai ya duba abin da ya biyo baya. In kuwa aka ga «bed rest», ba ciwon ne ya kayar da mutum ba. Likita ne ya ce ya kwanta ya huta, ko da yana iya tashi.

A tsofaffin littattafai ana samun «invalid», mutumin da ciwo ya raunana shekara da shekaru. Yau masu harshen ba su cika son a kira mutum haka ba. Dalili a fili yake: rubutun kalmar ɗaya ne da wata «invalid» da ake bugawa bisa fasfo ko tikitin da ya daina aiki. Wajen faɗa ne kawai suka bambanta. Ta mutum ana danna farkonta, ta takarda ana danna tsakiyarta. Ba wanda yake son a haɗa sunansa da takardar da ta mutu. Haka kuma an daina son «wheelchair-bound», wato ɗaurarre a keken guragu. An fi son «wheelchair user», mai amfani da keke. Duk wanda ya ga mai shan inna yana tuƙa kekensa da hannu cikin kasuwar Maraɗi ya san keken ba ɗaure shi ya yi ba. Kwance shi ya yi.

Kalmomi biyu kuma suna fitowa a takardar asibiti. «Admitted» yana nufin an ba mutum gado. «Discharged» yana nufin an sallame shi.

Faransanci, wanda ƴan makaranta suka fi sabawa da shi, ya yi irin wannan rabo. «Garder le lit» da «être alité» suna kusa da «laid up». «Cloué au lit» yana nufin an kafe mutum da ƙusa a gado. «Grabataire» ita ce daidai da «bedridden». Ta fito daga «grabat», wato ɗan gadon talaka. Har kalmar «clinique» da ake gani bisa alluna a Yamai, asalinta daga kalmar gado ce ta harshen Girka.

Gado ma yana kawo ciwo

A da, likitocin Turai suna ganin kwanciya magani ce ga kusan kowace cuta. Mace ta haihu, a kwantar da ita kwana goma ko fiye. Mai ciwon zuciya ya yi makonni ba ya sauka ƙasa. A shekara ta 1947 wani likitan Ingila, Richard Asher, ya rubuta a mujallar likitoci cewa doguwar kwanciya tana da haɗari. A shekara ta 1966 aka gwada a birnin Dalas na Amurka. Aka sami samari 5 masu shekara 20, lafiyarsu ƙalau. Aka kwantar da su mako uku ba sa tashi. Da aka auna su, ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu wajen aiki ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan aka auna su. Abin mamaki, mako uku na gado ya fi shekara 30 na tsufa rage musu ƙarfi.

Saboda haka yau ake tashin wanda aka yi wa aiki da wuri, a riƙe shi ya taka. Jikin da ba ya motsi, tsokarsa tana zubewa. Gaɓoɓi suna sandarewa. Majina tana taruwa a huhu. Jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa. In ba a kula ba, wanda yake «laid up» yana iya komawa «bedridden», ba don ciwon farko ba, don gadon kansa.

Babban abin tsoro shi ne gyambon kwanciya. Ingilishi yana ce masa «bedsore», Faransanci «escarre». Inda ƙashi ya turo kusa da fata, nauyin jiki yana matse ƙananan hanyoyin jini. Mai lafiya yana juyawa cikin barci bai sani ba, jini ya koma. Wanda ba ya iya juyawa kuwa, wurin yana rasa jini har naman ya mutu. An fi samun gyambon a gindin baya, da ƙugu, da dunduniya, da gwiwar hannu, da allon kafaɗa, da ƙeya. Littattafan Turai suna cewa a duba inda fata ta yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Sai a duba inda wuri ya fi sauran duhu, ko ya yi sheƙi, ko ya yi zafi, ko ya yi tauri in an taɓa.

Wata mace ta Ingila, Florence Nightingale, ta daɗe da koyar da cewa kulawa ce take hana wannan gyambo. An haife ta a 1820. A 1854 ta tafi jinyar sojoji a yaƙin Kirimiya. Ta dawo da ciwo a jikinta, kuma daga 1857 ta yi shekaru da yawa ba ta cika barin ɗakinta ba. Masu tarihi suna cewa ta zama «bedridden». Duk da haka daga kan gadon ta rubuta dubban wasiƙu, ta rubuta littafin koyar da jinya a 1859, aka buɗe makarantarta ta malaman jinya a London a 1860. Ta rasu a 1910 tana da shekara 90. Kalmar tana faɗin halin ƙafafun mutum ne. Ba ta ce komai ba game da hankalinsa.

Aikin masu jinya

A Hausa kalma ɗaya ce ta haɗa mai ciwo da mai kula da shi. Ana cewa: «Yana jinya a Galmi.» Ana kuma cewa: «Tana jinyar mijinta.» Ingilishi sai ya raba: mai ciwo «patient», malamar jinya «nurse», ɗan gidan da yake ɗawainiya kuma «carer».

Aikin na manya ne, amma yaro ma yana da hannu a ciki. Wanda ba ya iya juyawa, ana juya shi kamar kowace awa biyu: dama, baya, hagu. Awa biyu ba ta da yawa, kamar tsakanin azahar da la'asar ce. Manya ne suke ɗagawa, kuma ɗagawa ake yi, ba a jan mutum bisa tabarma, don kada fata ta saluɓe. Yaro yana iya zama mai tuna lokaci. Yana iya kakkaɓe shimfiɗa, domin ƙwayar hatsi ɗaya ko lanƙwasar zane tana isa ta fara miki. In shimfiɗa ta jiƙe, a sauya ta nan take, a wanke fata a tsane ta. Ana sa matashi tsakanin gwiwoyi, a sa wani ƙarƙashin sha-raɓa don dunduniya ta bar ƙasa. In an ga wuri ya sauya launi, ba a murza shi. A ɗauke masa nauyi, a nuna wa likita.

Ba a ba mutum abinci ko ruwa yana kwance miƙe, don kada ya ƙware. A jingina shi tukuna. Kunu kaɗai ba ya isa. Fata tana bukatar wake, da ƙwai, da nono, da gujiya, da zogale, da nama in an samu. Da yamma a sauke masa sange, domin ba ya iya korar sauro. In likita ya yarda, a riƙa lanƙwasa masa hannu da ƙafa a hankali kowace rana. In da hali kuma a fito da shi inuwar tsakar gida, ya ga mutane, ya ji labarin gari. Yaron da ya zauna ya karanta wa kakarsa darasin ranar, shi ma jinya ya yi.

Akwai abu ɗaya da mai fassara zai lura da shi. In an tambayi Bahaushe: «Ya jiki?» amsarsa kullum ita ce: «Da sauƙi.» Ko ciwon ya yi tsanani, haka ake cewa, kuma haka ya dace. Saurayin da yake Kumasi, in an kira shi, shi ma «da sauƙi» zai ce. Takardar Ingilishi ba ta yin wannan kara. Abin da ta gani take faɗi. Don haka ɗan makarantar da aka miƙa wa salula ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Zai sake duba saƙon ya ce: «Baba, zazzaɓi ne ya kwantar da yaya. Kalmar da aka sa ta kwanciyar ƴan kwanaki ce. Amma zazzaɓin cizon sauro ba abin wasa ba ne. A tambaye su ko ya ga likita.»

Sai uban ya ce ya rubuta. Yaron ya danna harufa ɗaya bayan ɗaya: «Has he seen a doctor? Can he walk?» Wato ya ga likita? Yana iya tafiya? Ragon kuwa aka bar shi a turke, ana jiran amsa.